Ghulam Haider: likitan haƙorin da ya sauya kiɗan finafinan Indiya da Pakistan

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san muryar marigayiya Lata Mangeshkar, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya tsaya mata a lokacin da aka ce muryarta ba ta dace da fim ba. Sunansa Master Ghulam Haider, kuma ya rasu tun cikin shekarar 1953.

An haife shi a shekarar 1908, a yankin da a yau yake cikin ƙasar Pakistan, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. Aikin likitan haƙori ya fara koya, daga bisani ya ajiye shi ya kama kiɗa, inda ya riƙa kaɗa harmoniyam a gidajen wasan kwaikwayo na birnin Kalkata.

Bayan ya koma Lahore ya yi aiki da kamfanin faifan garmaho na Jenaphone. A nan ne ya haɗu da wata yarinya mai suna Shamshad Begum, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Indiya.

Tauraronsa ya fara haskawa ne a kamfanin Dalsukh Pancholi da ke Lahore. A shekarar 1939 ya tsara waƙoƙin fim ɗin Gul Bakawali na harshen Punjabi, wanda Noor Jehan ta yi waƙa a ciki tana ƙaramar yarinya.

Sai dai fim ɗin Khazanchi na shekarar 1941 shi ne ya sauya al'amura. Kafin wannan lokaci, salon Kalkata ne ke kan gaba: waƙa mai nauyi, mai tafiya a hankali, wadda aka gina a kan kiɗan gargajiya na masana. Ghulam Haider ya ɗauko dholak, wato gangar da ake kaɗawa a bukukuwan aure na ƙauyukan Punjab, ya sa ta a gaba, ya kuma bai wa Shamshad Begum waƙoƙin. Jama'a suka karɓe su hannu bibbiyu, kuma daga nan masu shirya finafinai suka fahimci cewa waƙa kaɗai na iya cika gidan sinima. Shekara guda bayan haka ya yi kiɗan Khandan, fim na farko da Noor Jehan ta fito a matsayin babbar jaruma.

Ya koma Bombay a shekarar 1944, inda ya yi aiki da manyan daraktoci, ciki har da Mehboob Khan a fim ɗin Humayun na 1945.

A can ne ya gabatar da Lata Mangeshkar ga Sashadhar Mukherjee na kamfanin Filmistan, wanda ke shirya fim ɗin Shaheed. Mukherjee ya ƙi ta, bisa hujjar cewa muryarta ta cika siranta. Ghulam Haider bai yarda da wannan hukunci ba, ya ba ta waƙa a fim ɗin Majboor na 1948. Kafin ƙarshen 1949 sunanta ya game Indiya, kuma har ta tsufa tana ambatonsa a matsayin wanda ya fara yarda da baiwarta.

Shi kuwa bai tsaya ya ci moriyar wannan nasara ba. Bayan raba Indiya da Pakistan a shekarar 1947, ya bar Bombay ya koma Lahore. Ya tarar da sana'ar fim ta durƙushe, domin masu jari irin su Pancholi sun ƙaura zuwa Indiya, kayan aiki kuma sun yi ƙaranci. Finafinan da ya yi wa kiɗa a Pakistan, irin su Beqarar da Akeli, ba su kai ko kusa da Khazanchi ba, kuma da wuya a ɗora masa laifin hakan shi kaɗai.

Aikinsa na ƙarshe shi ne Gulnar, wanda ya sake haɗa shi da Noor Jehan. Ya rasu a Lahore ranar 9 ga watan Nuwamban 1953, sakamakon cutar sankarar maƙogwaro, yana da shekaru 45.