Shehu Laminu na Barno da Kare Aƙida da Hujja

An haifi Muhammad al-Amin al-Kanemi, wato Shehu Laminu, a ƙasar Fezzan wajen 1776. Da masu jihadi suka ci Birnin Ngazargamu a 1808, Mai Dunama ya nemi taimakonsa, aka ƙwato birnin. Damagaram tana bin Barno a wancan zamani, saboda haka tarihinsa ya shafe mu.

Bayan yaƙi, ya kare musuluncin mutanen Barno da alƙalami. Kare aƙida da hujja shi ne a amsa tuhuma da dalili, kuma haka ya yi cikin wasiƙunsa zuwa ga shugabannin jihadi. Tushen gardamar ma'anar kalma ce: ina iyakar saɓo, ina mafarin kafirci? A ganinsa, mai salla da azumi da zakka ba ya kafirta don ya yi zunubi. Muhammadu Bello ya amsa cewa yanka ga itatuwa da duwatsu shirka ne, amma ya adana hujjojin abokin gardamarsa cikin Infaƙul Maisuri.

Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814. Shi da Bello duk sun rasu a 1837.