Kaftin Charles N'Tchoréré, Dakaren da Aka Tuna da Shi Lokacin da Tirayar Suka Cika Shekara Ɗari

A shekarar 1957 ne rundunar dakarun baƙar fata ta Faransa, wadda kakanninmu suka sani da sunan tirayar, masu jar dara da jar ɗamara, ta cika shekara 100 da kafuwa. Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya sa hannu a kan dokar kafa ta ran 21 ga watan Yuli na 1857, bisa roƙon Louis Faidherbe, gwamnan Senegal na lokacin, kuma bataliya ta farko a birnin Saint-Louis ta zauna, a bakin kogin Senegal. Don tunawa da cikar shekara ɗarin, gidan waya ya buga kan sarki mai hoton Faidherbe, aka riƙa manna shi a wasiƙu tun daga Dakar har Damagaram. A garin Fréjus kuwa, can kudancin Faransa, inda aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ƴan Afirka a 1956, ajin farko sunan wannan biki aka raɗa masa. Ajin da ya biyo baya, wanda ya shiga a 1957, sunan mutum ya ɗauka, kuma mutumin baƙar fata ne ɗan ƙasar Gabon, Kaftin Charles N'Tchoréré, wanda a lokacin ya shekara 17 da rasuwa.

Kada sunan rundunar ya ruɗi mai karatu. Turawa na ce musu tirayar na Senegal ne domin can aka fara, amma a cikinsu akwai Bambara da Mosi da Sara na ƙasar Cadi, akwai Zabarmawa da Hausawa da Barebari. A ƙasarmu kuwa sunan yana da ɗaci, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Tirayar ne Voulet da Chanoine suka ja a 1899 aka ƙona Lugu da Birnin Ƙonni, su ne kuma, da abin ya ishe su, suka harbe hafsoshin nan biyu a watan Yuli na shekarar, a yankin Maijirgi kusa da Tasawa. Tirayar ne suka tashi daga Damagaram suka kwance ƙawanyar da Kawsan ya yi wa barikin Agadas a watan Maris na 1917. Da aka kafa dokar ɗaukar soja dole a Afirka ta Yamma a 1919, shekara uku ga duk wanda ƙuri'a ta faɗa wa, sarakuna aka ɗora wa nauyin kai samari gaban likita da kwamanda, nauyin da ya shiga tsakanin sarki da talakawansa a wurare da dama. Saboda haka gidajen da ke da tsohon soja a cikin kakanninsu ba su ƙirguwa, daga Tawa har Gure. Tarihin wannan kaftin ya shafe su, ko da yake shi ɗan bakin teku ne.

An haifi Charles N'Tchoréré ran 15 ga watan Nuwamba na 1896 a Libreville, a gidan manya na ƙabilar Mpongwe, mutanen da suka daɗe suna ciniki da Turawa a bakin tekun Gabon. Ya yi karatu a makarantar Montfort ta ƴan mishan, sannan ya haye Kamaru, wadda ke hannun Jamus a lokacin, ya yi aikin malanta a harkar kasuwanci. Yaƙin duniya na farko ne ya katse wannan hanya. A 1916, yana ɗan shekara 19, ya shiga soja da ƙafarsa, a zamanin da samari da yawa ke gudu daji ko su ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi don kada a kama su. Kafin yaƙin ya ƙare ya zama sajan, a 1919 ya zama ajidan, aka tura shi Maroko.

A nan ya kamata a tsaya a duba yadda tsarin yake, domin in ba a gane shi ba, ba za a gane mutuwar mutumin ba. A rundunar tirayar, baƙar fata shi ne dakare, shi ke tafiya a ƙasa da bindiga da adda, umarni kuwa daga Bature yake fitowa. Ajidan shi ne ƙololuwar abin da akasarin ƴan Afirka ke fata, bayan shekara goma sha biyar ko fiye ana shan rana. Ƴan ƙalilan da suka zama hafsoshi an ware musu jeri nasu dabam, na ƴan ƙasa, wanda bai wuce muƙamin kaftin ba, kuma in suka haɗu da Bature mai muƙami daidai da nasu, Baturen ke gaba. Cikin wannan ƙuncin N'Tchoréré ya shiga makarantar hafsoshi ta Fréjus ta wancan zamani, ya fito na ɗaya a ajinsu. Aka tura shi ƙasar Sham, inda Faransa ke fama da tawayen Duruzawa, ya samu mummunan rauni a muƙamuƙi a 1925, aka ba shi lambar yabo ta yaƙi. Wanda ya karanta wannan zai lura cewa a Maroko da Sham mutanen da ke kare ƙasarsu ya yaƙa, a madadin masu mulkin mallaka. Haka ne, kuma haka rayuwar kowane tirayar ta kasance. Ba na ganin amfanin wanke shi daga wannan, kamar yadda ba na ganin adalci a ɗora masa laifin da ya fi ƙarfin wuyansa.

Bayan ya warke ya ɗan taɓa aiki a ma'aikatar yaƙi a Paris, amma zaman ofis bai karɓe shi ba, ya nemi a maida shi Afirka. Aka kai shi Kati, babban barikin da ke kusa da Bamako, a runduna ta 2 ta tirayar, aka kuma damƙa masa makarantar ƴaƴan soja da ke wurin. A 1933 ya zama kaftin, aka maida shi Saint-Louis, mahaifar rundunar, ya shugabanci makarantar ƴaƴan soja ta can. A ganina wannan ne aikinsa mafi tsawon inuwa, ko da yake an fi tuna ranar mutuwarsa. Yaran da ake kaiwa waɗannan makarantu galibi ƴaƴan tsofaffin sojoji ne da ƴaƴan sarakuna, ana koya musu karatu da lissafi da horon soja, don su fara aiki daga sama da inda iyayensu suka tsaya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya taso bai taɓa ganin baƙar fata yana ba Bature umarni ba, sai ga shi kullum da safe yana ganin sajan Bature ya ƙame yana sara wa baƙin kaftin. Wannan darasi ba a allo ake rubuta shi ba.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939, shekarunsa 42, yana da tabon rauni a fuska, kuma ba wanda zai zarge shi in ya zauna a baya. Shi ya nemi a tura shi, ya tafi tare da bataliyar ƴan sa kai na Gabon, suka sauka a sansanin Souge kusa da Bordo. Daga nan aka ba shi kamfani a runduna ta 53 ta dakarun mulkin mallaka, runduna mai gauraye, wato baƙaƙe da farare a sahu ɗaya. Ke nan a ƙarƙashinsa akwai hafsoshi da sojoji Faransawa.

A ƙarshen watan Mayu na 1940 Jamusawa sun riga sun karya sojojin Faransa da na Ingila a arewa. Abin da ya rage shi ne a tare su a kogin Somme. Janar Weygand, babban kwamandan Faransa, ya ba da umarnin kowane ƙauye ya zama kamar bushiya: a kafa bindigogi ta kowace fuska, a tsaya ko da abokan gaba sun zagaye ta baya. Ƙauyen da ya faɗo wa bataliyar su N'Tchoréré shi ne Airaines, kimanin kilomita 30 yamma da birnin Amiens. Ran 5 ga watan Yuni Jamusawa suka ƙetare kogin da tankoki da jiragen sama. Aka yi ta ruwan bama-bamai har garin ya kama da wuta, tankoki suka wuce ta gefe suka yanke hanya, amma dakarun suka riƙe gidaje da lambuna, ana faɗa titi titi. Kwana uku ana haka. Da dare ya yi wa bataliyar tsawo kuma harsashi ya kusa ƙarewa, sauran suka nemi hanyar ficewa ta kudu, kamfanin N'Tchoréré ya tsaya yana kare musu baya. Ran 7 ga wata harsashi ya ƙare ƙaf. Mutum kimanin 15 suka rage a tsaye, baƙaƙe sun fi yawa, kaftin ya fito da su suka miƙa wuya.

Dokar yaƙi a bayyane take. Yarjejeniyar Janiba ta 1929, wadda Jamus ta sa wa hannu, ta ce fursunan yaƙi ba a kashe shi, kuma hafsa ana riƙe shi a matsayinsa na hafsa. Amma sojan Jamus na 1940 ya taso cikin farfagandar da aka shekara ashirin ana yi, tun lokacin da Faransa ta girke sojoji ƴan Afirka a yankin kogin Rhin bayan yaƙin farko, ana nuna baƙin soja a matsayin dabba mai yanka mutane da adda. Gwamnatin Hitila ta sake hura wannan wuta a gidajen rediyo da jaridu ana saura kwanaki a fara farmakin Somme. Don haka da aka tara fursunonin Airaines, sai aka shiga ware su, farare gefe guda, baƙaƙe gefe guda, aka tura kaftin cikin sojojinsa baƙaƙe. Ya ƙi. Ya nemi a bar shi tare da hafsoshi kamar yadda doka ta tanada. Nan take aka harbe shi a ka, a gaban mutanensa, kuma ruwayar da ta yaɗu ta ce tanka ta bi ta kan gawarsa. Yana da shekara 43, ya yi 24 a cikin kaki.

Akwai masu cewa da ya sunkuyar da kai da wataƙila ya tsira, akwai kuma masu ganin girman kai ne mutum ya ƙi tsayawa cikin ƴan uwansa. Duka biyun ba su duba abin da ke faruwa a makonnin nan ba. Ware baƙaƙe gefe guda sau da yawa shi ne matakin farko na kashe su. Haka aka yi a Airaines ɗin kanta, haka aka yi a Chasselay kusa da Lyon ran 19 da 20 ga watan Yuni, inda aka bindige dakarun runduna ta 25 bayan sun ajiye makamai. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin 1,500 da 3,000 na baƙaƙen sojojin Faransa aka kashe ta wannan hanya a watannin Mayu da Yuni na 1940. Kaftin da ya yarda a tuɓe masa muƙaminsa saboda launin fatarsa ya yarda ke nan cewa dokar fursuna ba ta hau kan sojojinsa ba. Ƴan fada sun san wannan tun kafin zuwan Turawa: in aka tuɓe rawanin jagora a bainar jama'a, mabiyansa ba su da sauran alfarma.

Kashegari, ran 8 ga watan Yuni, ɗansa Jean-Baptiste, kofur a runduna ta 2 ta dakarun mulkin mallaka, ya faɗi a fagen fama a Remiencourt, a wannan jiha ta Somme, tafiyar da ba ta kai yini ba daga inda uban ya kwanta.

Abin da ya biyo baya bai yi wa tirayar daɗi ba. Ran 1 ga watan Disamba na 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirayar da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu na kuɗi. Bikin shekara ɗari na 1957 kuwa ya zama kamar bankwana, domin shekara uku bayansa ƙasashen suka samu mulkin kai, Nijar ran 3 ga watan Agusta na 1960, rundunar ta watse cikin sabbin rundunonin ƙasa. A ƙarshen 1959 majalisar Faransa ta daskarar da fanshon mazan jiya ƴan Afirka, abokan yaƙinsu Faransawa na samun ƙari su ba su samu, kuma ba a daidaita shi sosai ba sai tsakanin 2007 da 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Dattawan da muka taso muna gani da lambobi a ƙirji ranar biki, suna jiran ɗan abin da za a biya su duk wata uku, su ne waɗannan.

Makarantun da ya riƙe kuwa sun ci gaba da yaye yara bayansa. Seyni Kunce, wanda aka haifa a Fandu a 1931, ya bi ta Kati da Saint-Louis, ya shiga makarantar Fréjus a 1957, shekarar bikin, ya koma rundunar sojan Nijar a 1961, ya mulki ƙasar daga 15 ga Afrilu na 1974 har rasuwarsa a 1987. Mathieu Kérékou na Benin ya bi wannan hanya, Musa Traoré na Mali shi ma ɗan Kati ne kuma ɗan Fréjus. Ko mulkin waɗannan hafsoshi alheri ne ko akasin haka, kowane gida da nasa hukunci, kuma ba nan ne wurin yanke shi ba.

Gabon ta buga kan sarki mai hotonsa a 1962, ta kuma kafa masa abin tunawa a Libreville. A 1965 aka gina wani a Airaines, don shi da dukan ƴan Afirka da suka faɗi a wurin. An kuma sa wa makarantar ƴaƴan soja ta Saint-Louis sunansa.