Annabi Ishaya: Mutumin da Sunansa Ya Zama Wa'azinsa

Daga Kafanchan zuwa Kagoro, Kwoi da Zonkwa, da wuya a sami ikilisiyar da babu mai suna Ishaya a cikinta. A Ibrananci sunan shi ne Yeshayahu, ma'anarsa kuwa Ubangiji shi ne ceto. Tushensa ɗaya da Yoshuwa, Yusha'u da kuma Yesu. Akwai wasu masu wannan suna a Tsohon Alkawari, kamar mawaƙin nan ɗan Yedutun (1 Tarihi 25:3), amma ɗan Amoz ne ya fi shahara.

Ishaya mazaunin Urushalima ne. Allah ya kira shi cikin Haikali a shekarar da sarki Uzziya ya rasu, wajen shekara 740 kafin haihuwar Almasihu. Ya ci gaba da annabci a zamanin Yotam, Ahaz da Hezekiya. Magidanci ne, 'ya'yansa ma sunayensu saƙo ne ga jama'a. Sunan ɗansa Sheyar-yashub yana nufin ringi za su komo.

Sau biyu aka gwada ma'anar sunansa a fadar Yahuza. Da Suriya da Isra'ila suka haɗa kai suka tasar wa Urushalima, Ishaya ya tari Ahaz, yana riƙe da ɗansa, ya gargaɗe shi ya natsu ya dogara ga Allah. Ahaz ya ƙi. Ya kwashi azurfa da zinariya na Haikali ya aika wa sarkin Assuriya, ta haka Yahuza ta zama baiwar wanda ta kira ya cece ta.

A shekara ta 701 Sennakerib na Assuriya ya cinye garuruwan Yahuza, ya aiko da wasiƙar barazana. Hezekiya ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji, ya yi addu'a. Ishaya ya aika masa cewa birnin ba zai faɗi ba, haka kuwa ya zama (Ishaya 37).

Littafi Mai Tsarki bai faɗi yadda ya mutu ba, amma al'adar Yahudawa ta ce an tsaga shi da zarto a zamanin Manassa. Littafinsa ne Yesu ya karanta a majami'ar Nazarat (Luka 4), daga sura 53 kuma Filibus ya yi wa mutumin Habasha bishara (Ayyukan Manzanni 8).

Iyalan da suka ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 sun san irin tsoron da ya kama Ahaz. A irin wannan rana zuciya takan nemi ceto a wurin ramuwa ko tsafi. Iyayen da suka raɗa wa ɗansu Ishaya sun riga sun shaida inda ceto yake. Ya kamata su koya masa ma'anar tun yana ƙarami, domin duk wanda ya kira shi ya tuna masa da ita.