Nikolai Bernstein: Likitan da ya binciki hannun maƙeri, gwamnatin Stalin ta ƙwace masa ɗakin bincike

Maƙerin da ya shekara talatin yana ƙira a birnin Zazzau, da mai ɗinkin hula a zaurukan Kwarbai, ba sa duban hannunsu idan suna aiki. Guduma tana sauka inda ake so, allura tana fita inda ya dace. Yawancin mutane za su ce yawan maimaici ne ya sa hannun ya haddace hanya guda. Wani likita ɗan ƙasar Rasha, Nikolai Bernstein, ya auna wannan zato shekara ɗari da suka wuce, ya tarar ba haka abin yake ba.

An haife shi a Mosko a 1896, a gidan ilimi. Mahaifinsa likitan taɓin hankali ne, baffansa Sergei Bernstein kuma shahararren masanin lissafi. Ya kammala karatun likita a 1919, ya yi aiki da rundunar sojan juyin juya hali lokacin yaƙin basasa. A 1922 ya shiga Babbar Cibiyar Nazarin Ƙwadago da Aleksei Gastev ya kafa. Burin Gastev shi ne a horar da ma'aikacin masana'anta ya riƙa motsi kamar inji, ba ragi ba ƙari, domin sabuwar Tarayyar Sobiyat ta samu yawan kaya.

Bernstein ya liƙa ƙananan ƙwayayen lantarki a kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannun ma'aikata, da kan gudumar kanta, ya riƙa ɗaukar hotuna masu yawa a cikin daƙiƙa guda, sannan ya zauna yana lissafin hanyar da kowane ɗigon haske ya bi. Abin da ya fito ya saɓa wa burin cibiyar. Kan gudumar gwani yana sauka kusan wuri ɗaya kowane lokaci, amma gaɓoɓin hannunsa ba sa bin hanya iri ɗaya sau biyu. Kafaɗa ta ɗan karkace, gwiwar hannu ta cike giɓin. Ke nan ƙwaƙwalwa ba ta ajiye umarni guda tana sake aika shi ga tsoka. Manufa take riƙewa, tana gyara motsi yana cikin tafiya, gwargwadon labarin da jijiyoyi ke komo mata da shi daga fata da tsoka da ido.

Daga nan ya ɗora tambayar da har yau ake kiranta da sunansa. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu kaɗai akwai hanyoyin juyawa bakwai, ga tsokoki da dama da ke jan su. Hanyoyin kai loma baki ba su ƙidayuwa. To, ta yaya ƙwaƙwalwa take zaɓen ɗaya cikin ƙiftawar ido? Ya lura cewa ɗan koyo yakan sandarar da gaɓoɓinsa domin ya rage abin da zai sarrafa, shi ya sa mai koyon keke yake ƙagewa kamar itace, mai koyon daka take riƙe taɓarya da dukan ƙarfinta. Idan gwaninta ta zo sai jiki ya saki, har ya koyi cin moriyar nauyin kayan aikin. A wurinsa, atisaye shi ne sake warware matsala ɗaya ta hanyoyi daban-daban har a ƙware da warwarewar. Ya bi wannan sawu a kan masu kaɗa fiyano, da 'yan tsere, da yara masu koyon tafiya.

A nan ya ci karo da Ivan Pavlov, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904, aka kuma san shi da gwajin karnuka masu zubar da yawu idan sun ji ƙarar da suka saba ji kafin abinci. A koyarwar Pavlov, ɗabi'a martani ce ga abin da ya zo daga waje. Bernstein kuwa yana ganin mai rai shi ke fara nufin abu, sannan ya nemi hanyar cim masa. Ya rubuta littafi yana sukar ra'ayin, amma da Pavlov ya rasu a 1936 sai ya janye shi daga maɗaba'a, don ba ya son jayayya da wanda ba zai iya ba da amsa ba. Gastev kuwa an kama shi a 1938, aka harbe shi a shekarar da ta biyo.

Littafinsa kan yadda ake gina motsi ya fito a 1947, ya kuma samu Kyautar Stalin a 1948. Daɗin bai daɗe ba. A 1949 aka buɗe farfagandar farautar waɗanda ake zargi da rashin kishin ƙasa da ɗaukaka ilimin Turai, wadda ta fi faɗa wa masu asalin Yahudawa irinsa. A 1950 aka yi babban taron masana a Mosko inda aka mayar da koyarwar Pavlov aƙidar hukuma, wadda saɓa mata laifi ne. Pavlov, wanda shi kansa ya sha sukar gwamnatin a rayuwarsa, ba ya nan balle ya hana. Jaridu suka yi wa Bernstein ca, aka sallame shi daga aiki, bai ƙara samun ɗakin bincike nasa ba har ya mutu.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 ƙullin ya ɗan sassauta. Matasan masana lissafi da na aikin jijiyoyi suka riƙa zuwa gidansa ɗaukar karatu. Ya rasu a watan Janairu na 1966, shekara guda kafin a buga zaɓaɓɓun rubuce-rubucensa da Ingilishi. Masu ƙera mutum-mutumi, da masu horar da 'yan wasa, da masu koya wa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki sake ɗaga hannu, duk suna aiki da tambayarsa a yau. Littafin da ya rubuta wa gama-garin masu karatu kan gwanintar jiki, wanda aka dakatar da buga shi a kwanakin farautar, bai fito ba sai 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyat ta wargaje.