Marigayi Malam Bello Kagara, Mawallafin Ganɗoki (1890-1971)

A wannan fitowa na ga ya dace in tuna mana da wani dattijo wanda da yawa daga cikinmu mun san littafinsa, amma ba mu san shi ba, wato Malam Muhammadu Bello Kagara.

An haifi Malam Bello a shekarar 1890. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne Alƙalin Kagara, kuma shi ne mahaifin Alhaji Abubakar Imam, ke nan Bello wa ne ga Imam. Yana yaro ɗan kimanin shekara goma Turawa suka ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita da jama'arsa, iyayen Bello na cikin ayarin. Saboda haka gudun yaƙi ba labari ya ji ba, da ƙafarsa ya taka.

Bayan ƙura ta lafa ya shiga makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Daga nan ya kama aikin koyarwa, har ya zama malamin Larabci da addini a Kwalejin Katsina, inda manyan Arewa na farko suka yi karatu. Daga baya aka naɗa shi Walin Katsina. Shi ne kuma ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya. Cikin littattafan da ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello. Ganɗoki jarumi ne da ya gwabza da Turawa, aka fi ƙarfinsu, ya bi masu hijira zuwa gabas. A tarihi wannan hijira ta ƙare ne a Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a watan Yuli na 1903. Daga nan marubucin ya kai Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare ƙasashen aljannu, suka yi ta cin nasara, sannan ya komo da su gida suka tarar zamani ya juya.

Muna aji, abin da ya fi burge mu shi ne kirari da sara da suka. Sai da na girma na fara aikin gwamnati a nan Dutse na lura da nauyin da ke ƙarƙashin labarin. Mayaƙin da rundunarsa ta watse, me ya kamata ya yi? Ya tsaya ya mutu, ko ya yi hijira ya bar iyali da raunana, ko ya zauna ƙarƙashin wanda ya ci shi da yaƙi? Kowace hanya akwai mutanen kirki da suka bi ta. Attahiru ya yi hijira. Waziri Buhari ya zauna a Sakkwato ya yi sulhu don jama'a. A nan Jiharmu ta Jigawa kuwa, Sarkin Haɗejiya Muhammadu ya tsaya aka kashe shi a 1906, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada.

Malam Bello da kansa ya ɗauki hanyar zama, ya yi aiki a makarantar Turawa, amma bai yarda a manta da waɗanda suka ƙi miƙa wuya ba. A ganina wannan shi ne dalilin da ya sa ya ba jaruminsa nasarar da tarihi ya hana shi.

Allah ya yi masa rasuwa a 1971. Ina roƙon ƙungiyarmu ta sayi kofe na Ganɗoki ta ajiye a laburaren makarantarmu, domin ƙannenmu su karanta. Allah ya jiƙan Malam Bello, ya saka wa malamanmu da alheri, amin.