Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir

Cikin dukan sarakunan da suka ci sarautar Gobir, babu wanda sunansa ya yi nisa kamar Bawa Jan Gwarzo. Ɗa ne ga Sarkin Gobir Babari, wanda ya ci Birnin Zamfara da yaƙi wajen shekara ta 1762, sa'an nan ya kafa babban birninsa a Alƙalawa, bakin gulbin Rima. Bawa ya tashi cikin gidan da ba a san hutu ba, domin ƙasar da ubansa ya samu da takobi, da takobi ake riƙonta. Bayan rasuwar Babari sarauta ta fara zuwa ga ɗansa Ɗan Gudi, kana ta zo ga Bawa a shekara ta 1777, yana dattijo, ya riga ya ga yaƙe-yaƙe masu yawa.

A zamaninsa Gobir ta kai matuƙar ƙarfinta. Zamfarawa suna ƙarƙashinta, amma ba da son ransu ba, kullum suna neman hanyar tawaye. Babbar abokiyar gabarta kuwa ita ce Katsina, wadda ta fi ta arziki da kasuwa da malamai. Wanda ya dubi yadda gulbin Maraɗi yake gudu zai gane dalilin gabar. Gulbin yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa ta wajen Jiratawa da Maraɗi da wurin da Tsibiri take a yau, sa'an nan ya gangara ya haɗu da Rima cikin ƙasar Gobir. Fadamarsa tana ba da abinci da kiwo, ita ce kuma hanyar da dawaki suke bi daga wannan ƙasa zuwa waccan. Maraɗi a lokacin gari ne na Katsina a bakin iyaka, saboda haka duk sa'ad da sarakunan nan biyu suka ɗaura yaƙi, mutanen fadama su ne suke fara jin ƙarar kofato.

Labarin Bawa ya iso ga mutanen yau ta bakin mutane iri biyu waɗanda ba su ga maciji da juna. Na farko su ne maroƙa da makaɗan fada. Kirarin da suka yi masa yana cikin tsofaffin waƙoƙin sarauta na Hausa da suka tsira har aka rubuta su, masu nazarin adabi kuma suna kafa misali da shi in suna maganar waƙar fada kafin jihadi. A cikinsa Bawa abin tsoro ne, mai ƙarfin ƙarfe, wanda ba a tarar gabansa. Maroƙi ba ya faɗin shekara, ba ya lissafin ranar da ubangidansa ya sha kashi; aikinsa shi ne ya tsima sarki, ya karya zuciyar abokin gaba. Haka Girkawa suka san sarkin yaƙinsu Agamemnon, ta bakin mawaƙi Homer. Bambancin shi ne Bawa ba mutumin almara ba ne, akwai waɗanda suka gan shi da idonsu suka kuma rubuta abin da suka gani.

Waɗannan su ne na biyu, watau malaman jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda daga baya suka rushe gidan Bawa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labarin haɗuwarsu da shi cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya rubuta a 1813. Wajen 1788 Bawa ya aika a tara masa malaman ƙasarsa duka a Magami, lokacin babbar Salla. Shehu yana wa'azi a Zamfara a shekarun nan, bai wuce shekara talatin da huɗu ba, sarki kuwa ya tsufa ƙwarai. Da aka taru, Bawa ya fito da dukiya mai yawa ya raba wa malamai sadaka. Shehu ya miƙe ya ce shi da jama'arsa ba su bukatar dukiyar, sai dai yana da wasu abubuwa da zai roƙa. Sarki ya amsa masa su duka.

Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, cikin Raulul Jinani, shi ne ya jera abubuwan guda biyar: a bar Shehu ya kira mutane zuwa ga Allah cikin ƙasar, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa da haraji. Biyun ƙarshe ba maganar wa'azi ba ce, magana ce ta mulki, an kuma faɗe ta a gaban sarkin da ya fi kowa ƙarfi a yankin, a bainar jama'a. Mai kirarin da ake tsoro bai zare takobi ba.

A nan ne masu rubutu suka rabu. Littattafan Sakkwato sun ɗauki ranar Magami a matsayin alamar ɗaukakar Shehu, Bawa kuwa ya zama sarkin da girman malami ya rinjaya. Amma ana iya duban abin ta wata fuska. Bawa yana da Zamfara da ba ta kwanta ba, yana da Katsina a gabansa, ga kuma malamin da Zamfarawa suke taruwa wurinsa dubu-dubu. Tsohon da ya san yaƙi ya san yawan abokan gaba da zai iya ɗauka a lokaci guda. Abin da ya bayar a Magami ya saya wa Gobir zaman lafiya a cikin gida har ƙarshen ransa, abin da magadansa suka kasa samu. Ya kamata a lura kuma, marubutan jihadi ba su zafafa wa Bawa kamar yadda suka zafafa wa Yunfa ba.

Ƙarshensa ya zo ta wajen Katsina. A yaƙin Ɗankaishi rundunar Sarkin Katsina Agwaragi ta karya ta Gobir, aka kashe ɗan Bawa a fagen fama. Labarin da aka gada ya ce baƙin ciki ne ya kashe uban bayan kwana arba'in. Masu tarihi sun saɓa game da shekarar, wasu sun sa ta wajen 1790, wasu 1795. Wannan mutuwa ba ta cikin kirari.

Ƴan'uwansa Yakuba da Nafata suka gaje shi bi da bi. Nafata ya warware alkawarin Magami, ya hana rawani da lulluɓi, ya taƙaita wa'azi. A zamanin ɗansa Yunfa aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin shekarar, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa a ciki.

Gobirawa ba su rubuta nasu ɓangaren da wuri ba, a baki suka riƙe shi. Sai da ayarin Tilho ya ratsa ƙasar tsakanin 1906 da 1909, tafintansa Landeroin ya zauna da dattawan fada ya rubuta abin da suka faɗa masa na jerin sarakuna da yaƙe-yaƙensu, aka buga da Faransanci a 1911. A 1967 Bubu Hama ya fitar da littafinsa na tarihin Gobir da Sakkwato.

Fadar da ta riƙe wannan labari tana Tsibiri, tafiya kaɗan daga Maraɗi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda rana ɗaya, Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa garin, da taimakon Ɗan Mari, Sarkin Katsinan Maraɗi. Katsinawan da suka kashe ɗan Bawa a Ɗankaishi, magadansu ne suka ba gidansa wurin zama a fadamar da aka yi ta zubar da jini dominta.