Milutin Milankovic: Masanin da Ya Lissafa Zuwan Ƙanƙara da Tafiyarta

An haifi Milutin Milankovic ranar 28 ga Mayu, 1879, a ƙauyen Dalj da ke gaɓar Kogin Danube, cikin ƙasar Kuroshiya ta yau. Ya karanci injiniyancin gine-gine a babban birnin Ostiriya, inda ya samu digirin digirgir a 1904. A 1909 ya ajiye aikin gini mai kawo kuɗi, ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Belgrade ta ƙasar Sabiya.

A can ya tunkari tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai: me ya sa a zamanin da ƙanƙara ta sha lulluɓe arewacin Turai da Amurka, sannan ta janye? Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riske shi yana sabon ango a 1914, mahukuntan Ostiriya da Hangari suka tsare shi. Daga baya aka ba shi damar zama a Budapest, ya duƙufa kan lissafinsa a ɗakin karatu, da alƙalami da takarda kawai.

Ya nuna cewa abubuwa uku ne ke sauya rabon hasken rana a doron ƙasa. Hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana tana sauya siffa a kusan kowace shekara 100,000, karkatarta tana ƙaruwa tana raguwa a shekara 41,000, tana kuma layi kamar katantanwa a kimanin shekara 23,000. Idan lokacin zafi ya yi rauni a can ƙuryar arewa, dusar ƙanƙara ba ta narkewa duka, sai ta yi ta taruwa har ta zama tsaunuka.

Ya tattara aikinsa a babban littafi a 1941, shekarar da jiragen Jamus suka yi wa Belgrade ruwan bama-bamai. Ya rasu ranar 12 ga Disamba, 1958, masana da dama suna shakkar lissafinsa. Sai a 1976 binciken Hays da Imbrie da Shackleton kan lakar ƙarƙashin teku ya gaskata shi.

Lissafin nan ya shafe mu. Layin da duniya ke yi ne ya ƙarfafa damina a Afirka shekaru dubbai da suka wuce, Sahara ta yi kore shar, Tafkin Chadi ya tumbatsa. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987, a yankin da ke Jihar Yobe a yau, mai kimanin shekara 8,000, ya fito ne daga wancan zamani.

Sai dai waɗannan sauye-sauye kan ɗauki dubban shekaru. Saboda haka masana ba su jingina musu saurin narkewar ƙanƙarar Girinlan da ake gani yanzu ba. Hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa suka ɗora wa alhakin.